BABI NA UKU: DAGA GAFAKA ZUWA FAIFAN AJIYA NA WAJE, TARIHIN ADANA BAYANAI A YANKIN KAZAURE DA BABURA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin hanyoyin da al'ummar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suka bi wajen adana bayanansu, tun daga ƙarni na 19 har zuwa lokacin da faifan ajiya na waje ya shigo hannun jama'a. Abin da ake nufi da bayanai a nan shi ne duk wani abu da aka rubuta, ko aka ɗauki hotonsa, ko aka naɗi muryarsa, domin amfanin gaba. Shi kuwa faifan ajiya na waje, wata 'yar na'ura ce mai kamar girman tafin hannu, wadda ake jona wa kwamfuta da igiya a zuba mata bayanai, sannan a zare ta a ajiye, ko a tafi da ita wani wuri.

Manufar babin ita ce ya nuna cewa wannan faifai ya warware matsalar wurin ajiya da ta wahalar kwafi, amma bai warware matsalar ɗorewa ba. Za a ga cewa abin da ya tsirar da rubuce-rubucen magabata ba ƙarfin mazubinsu ba ne, a'a, al'adar yawan kwafi da rarraba shi a hannuwa daban-daban ce. Don haka za a fara da taƙaitaccen tarihin yankin, sannan a duba hanyoyin ajiya na da, kafin a zo kan amfanin faifan da kuma illolinsa.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Yankin

Garin Kazaure yana arewa da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Daura. Masarautar ta samo asali ne daga Ibrahim Ɗantunku, ɗaya daga cikin shugabannin Fulani da suka yi jihadi a arewacin ƙasar Kano. Bayan doguwar takaddama tsakaninsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince da masarautar a matsayin mai cin gashin kanta. Ɗansa Dambo, wanda ya gaje shi a 1824, shi ne ya mayar da Kazaure hedikwata. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta. Ita kuwa Babura a ƙarƙashin Kano take a da, har zuwa 1991 lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga batun ajiya, domin kuwa duk lokacin da aka sauya tsarin mulki, takardu ma kan yi ƙaura. Yankin ya kasance cikin Lardin Kano a zamanin Turawa, ya shiga Jihar Kano a 1967, sannan ya koma Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Bisa ga haka, mai neman tarihin wani ƙauye a Gwiwa ko Babura yana iya samun kansa yana yawo tsakanin Kaduna da Kano da Dutse.

3.2 Adana Bayanai Kafin Zuwan Turawa

Hanya ta farko, kuma mafi daɗewa, ita ce ƙwaƙwalwar mutum. Maroƙa da makaɗan fada su ke riƙe da jerin sunayen sarakuna, dattawan gari kuma su ke riƙe da iyakokin gonaki da burtali. Haka kuma a tsangayu ana haddace Alƙur'ani ta hanyar allo, wanda ake rubutawa a wanke, a sake rubutawa. Wato shi allo ba wurin ajiya na dindindin ba ne, gada ce da karatu ke bi ya shiga ka.

Hanya ta biyu ita ce takarda. Mafi yawan takardar da malaman ƙasar Hausa suka yi amfani da ita a ƙarni na 19 daga ƙasar Italiya take fitowa, ta biyo Tarabulus ta ratso Sahara, kuma ana gane ta da tambarin jinjirin wata uku da ke cikinta. Saboda tsadarta, ba kowane abu ake rubutawa ba. Abubuwan da suka fi samun shiga su ne Alƙur'ani, da littattafan fiƙihu da nahawu, da waƙoƙin wa'azi na ajami, da wasiƙun sarakuna, da kundin asirai na malamai. Ba a ɗinke waɗannan takardu, sai dai a jera su warwara, a naɗe da tadarishi, a saka cikin gafaka, a rataye a bango ko a sa cikin adaka.

Abokan gabar wannan ajiya sanannu ne: gara da ɓera da yoyon damina da gobara. Sai kuma rabon gado, wanda kan sa a raba littafi ɗaya gida biyu ko uku. To, amma duk da haka littattafai da yawa sun kai ga wannan zamani. Dalili kuwa shi ne, duk almajirin da zai karanta littafi a gaban malami, sai ya fara kwafe shi da hannunsa, ko ya biya wani ya kwafe masa. Ta haka littafi ɗaya kan samu kwafi a garuruwa da dama. Idan gobara ta ci na wani malami a Roni, akwai yiwuwar a sami irinsa a Ɗambatta ko Daura. Wannan shi ya sa ayyukan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Muhammadu Bello suka tsira, alhali kuwa kundin da mai shi ya ɓoye bai bari an kwafa ba, shi ya fi saurin salwanta.

3.3 Zamanin En'e da Takardun Ofis

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sai aka shigo da sabon tsarin ajiya. An kafa baitulmali, an ɗauki malaman haraji da na jangali, an buɗe manyan littattafan rajista a kotunan alƙalai da ofisoshin hakimai. Jami'an Turawa kuma suka riƙa zagaya gundumomi suna rubuta rahoton kimanta haraji, wanda ya ƙunshi yawan mutane da dabbobi da sana'o'i da tarihin garuruwa. Sannu a hankali boko ya ture ajami a harkar ofis, keken rubutu da takardar kabon suka sa ana iya fitar da kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya.

A nan ma abin lura shi ne, takardun da suka fi tsira su ne waɗanda aka aika da kwafinsu sama, wato ofishin Razdan a Kano ko sakatariya a Kaduna. Da yawansu sun ƙare ne a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, reshen hukumar da aka kafa a 1954 bisa jagorancin Kenneth Dike. Daga baya Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, suka ƙara wuraren da mai bincike zai nufa. Su kuwa takardun da suka tsaya a gunduma, sun fi fuskantar haɗari. Alal misali, da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, littattafan haraji sun daina aiki, kuma takardar da aka daina buɗewa ita gara ta fi samun sukuni a kanta.

3.4 Samuwar Faifan Ajiya da Isowarsa Yankin

Kamfanin IBM na ƙasar Amurka shi ne ya fara fitar da faifan ajiya na kwamfuta a 1956. Wannan na'ura tana da faranti 50, kowane faɗinsa inci 24, nauyinta ya kai kimanin tan ɗaya, amma abin da take ɗauka bai wuce megabait biyar ba, wato kwatankwacin hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. A 1980 kamfanin Seagate ya fitar da ƙaramin faifai da zai shiga cikin kwamfutar tebur. Abin da ya ba faifan damar fitowa waje ya zama kayan hannu shi ne ƙirƙiro mahaɗin USB a 1996, musamman ingantaccen samfurinsa na shekarar 2000 da kuma na 2008. A 2007 aka fara sayar da faifai mai ɗaukar terabait ɗaya, wato megabait miliyan ɗaya.

Yadda faifan ke aiki ya yi kama da garmaho. A cikinsa akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da kuma wani ɗan hannu mai kai da ke rubutu da karatu a kansa. Bambancin shi ne, kan ba ya taɓa farantin, yana shawagi ne a samansa da tazarar da ta gaza kaurin silin gashi nesa ba kusa ba. Wannan tazara ita ce sirrin aikinsa, ita ce kuma tushen rauninsa, kamar yadda za a gani nan gaba.

A yankin Kazaure, abubuwa uku suka share wa faifan hanya. Na farko shi ne makarantu. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kazaure a 1991, wadda gwamnatin tarayya ta karɓa a 2007, ake kiranta da sunan marigayi Sarkin Kazaure Hussaini Adamu. Har wa yau, a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki (1999 zuwa 2007) aka buɗe cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a garin, wadda jama'a suka fi sani da Informatics. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Babura. Waɗannan makarantu sun haifar da shagunan buga takardu, inda aka fara da disket, aka koma sidi da filash, sannan faifan waje.

Na biyu shi ne wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma aka sami masu ɗaukar memori. Na uku shi ne fina-finan Hausa. Wannan sana'a ta faro a Kano da kaset ɗin bidiyo a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, sannan ta koma kan sidi. Da kasuwar sidi ta faɗi, sai masu tura fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai a waya suka cike gurbin. Jarin mai wannan sana'a a tasha ko a kasuwar mako bai wuce kwamfutar hannu da faifan waje ba.

3.5 Amfanin Faifan Ajiya na Waje

Amfani na farko shi ne yawan abin da yake ɗauka. Disket ɗaya yana ɗaukar megabait 1.44, sidi kuma kimanin megabait 700. Idan aka yi lissafi, faifai mai terabait ɗaya ya yi daidai da disket kusan 700,000, ko sidi fiye da 1,400. Idan kuma aka ƙaddara kowane hoton shafin tsohon littafi ya ci megabait 30, faifan zai ɗauki shafi fiye da 33,000. Wato taskar babban malami tana iya shiga aljihun riga.

Amfani na biyu shi ne sauƙin kwafi. Aikin da zai ɗauki marubucin Alƙur'ani watanni, yanzu na 'yan mintoci ne, kuma babu tsallake layi ko kuskuren alƙalami, domin kwafin daidai yake da asalinsa.

Amfani na uku shi ne ba ya bukatar intanet. Akwai kamfanonin da ke karɓar ajiya ta intanet, amma wannan hanya tana cin kuɗin data, kuma idan ajiyar ta wuce ɗan abin da aka ba da kyauta, sai an riƙa biyan kuɗin haya. Ga mazaunin ƙauyen da sabis ke da rauni, faifan da aka saya sau ɗaya ya fi dacewa. Bugu da ƙari, ƙananan samfurinsa daga jikin kwamfuta suke jan wuta.

Amfani na huɗu shi ne ya buɗe hanyar ceto tsofaffin takardu ba tare da an raba su da masu su ba. A da, idan masu bincike suna son rubutun hannu, sai su are shi su tafi da shi, wannan kuwa ya sa iyalai da yawa suna ɗari-ɗari. Yanzu ana iya zuwa har zaure da kyamara a ɗauki hoto, a bar wa mai littafi abinsa. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara a 2004, ya tallafa wa irin wannan aiki a Kano da Kaduna, kuma daga cikin ƙa'idojinsa akwai barin takardun asali a ƙasarsu, tare da ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

3.6 Illolin Faifan Ajiya na Waje

Masu iya magana kan ce kowane allazi da nasa amanu. Illa ta farko ita ce rashin juriya. Kamar yadda aka bayyana a baya, kan da ke karatu yana dab da farantin, don haka idan faifan ya faɗi daga kan tebur, musamman yana cikin aiki, kan yana iya karce farantin. Jijjigar babur ko ta motar kasuwa ma ba ta yi masa daɗi. Gafaka kuwa ko daga kan raƙumi ta faɗo, sai dai a karkaɗe ta.

Illa ta biyu ita ce gajeren rai. Garantin da kamfanoni ke bayarwa kan ƙananan faifai bai cika wuce shekara biyu zuwa uku ba. Wani bincike da ma'aikatan kamfanin Google suka wallafa a 2007, kan faifai fiye da 100,000, ya nuna cewa kimanin kashi 2 cikin 100 ke mutuwa a shekarar farko, amma adadin ya haura kashi 8 cikin 100 ga waɗanda suka kai shekara uku. Wannan kuwa a ɗakunan da ake kula da sanyinsu ne. A yankin da ake magana a kai, zafin bazara kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, alhali wasu kamfanonin digiri 35 suka ƙayyade wa ƙananan faifansu yayin aiki. Ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, wadda kan lalata fayil idan ta zo ana tsakiyar rubutu.

Illa ta uku, wadda ta fi kowace muni, ita ce yanayin asarar. Gara tana cin littafi ne sannu a hankali, daga gefe, kuma mai shi yana iya gani ya ceci saura. Faifai kuwa yakan mutu ne gaba ɗaya, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Yawan ɗaukar da aka yaba a baya shi ne ke zama musiba a nan, domin mai ɗaukar hoton biki ko sakataren makaranta yakan tara aikin shekaru a wuri ɗaya, har ya goge na cikin kwamfuta don samun fili. A wannan hali faifan ya tashi daga matsayin kwafin kariya, ya zama shi kaɗai ne asali.

Illa ta huɗu ita ce cutar kwamfuta, wato bairos, da kuma sata. Faifan da ake jonawa daga wannan shago zuwa wancan yana kwasar cuta yana yaɗawa. Ƙanƙantarsa kuma ta sa ɗauke shi ba wuya, kuma wanda ya tsince shi yana iya buɗe duk abin da ba a kulle ba. Tun da aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya a 2023, sakaci da bayanan mutane ya zama abin da hukuma ke iya hukunta ma'aikata a kai.

Illa ta biyar ita ce dogaro da waje da kuma sauyin zamani. Kamfanoni uku ne kawai suka rage a duniya masu ƙera irin wannan faifai, wato Seagate da Western Digital da Toshiba. Da ambaliya ta shafi masana'antun ƙasar Tailan a 2011, farashinsa ya tashi a ko'ina, haka kuma faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara masa tsada. Sannan faifai ba ya karantuwa da ido, sai da na'urar da ta dace da shi. Misalin da ya shahara shi ne na Ingila, inda BBC ta tattara bayanan ƙasar a kan wani irin faifai a 1986, domin cikar shekara 900 da rubuta wani littafin ƙidayar dukiya na 1086. Kafin 2002 na'urorin karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali littafin 1086 yana nan ana karanta shi. Wanda ya ajiye kundinsa a disket a Kazaure ya san irin wannan matsala.

3.7 Darasi Daga Tambutu

Abin da ya faru a Tambutu ta ƙasar Mali ya isa misali ga masu taskar littattafai a yankin Kazaure, domin irin takarda ɗaya da irin karatu ɗaya suka gada. A 2012 'yan bindiga suka mamaye garin, kuma a watan Janairu na 2013 aka ƙona ko aka yi awon gaba da rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. Amma dubban ɗaruruwa sun tsira, saboda suna warwatse a hannun iyalai, kuma Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun kwashe su a akwatuna zuwa Bamako. A can aka shiga ɗaukar hotonsu ana ajiye kwafi a ƙasashe daban-daban. Wato ba takarda kaɗai ta yi ceton ba, ba kuma na'ura kaɗai ba, rarrabawa ce ta yi.

Masana ajiyar bayanai a yau suna da ƙa'idar da ake kira uku-biyu-ɗaya: a yi kwafi uku, a kan mazubi iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri daban. Idan aka duba da kyau, wannan ita ce al'adar almajiran da aka bayyana a sashe na 3.2, sai dai an sake mata riga. A jihar da ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a 2022, sharaɗin ajiye kwafi a wani gari ba abin wasa ba ne.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin adana bayanai a yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, daga hadda da gafaka, zuwa rajistar En'e, zuwa faifan ajiya na waje. An ga cewa faifan ya fi duk abin da ya gabace shi yawan ɗauka da saurin kwafi, kuma ya dace da wuraren da intanet ke da rauni. An kuma ga cewa shi ne mafi gajeren rai a cikinsu, kuma asararsa ta gaba ɗaya ce. Saboda haka, ya kamata fada da ƙananan hukumomi da makarantun yankin su ɗauke shi a matsayin abin kwafi, ba madadin takardar asali ba. Ya dace a riƙa juye abin da ke cikinsa zuwa sabo bayan 'yan shekaru, a kuma ajiye kwafi a wata cibiya ta daban. Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, amma tarihin yankin ya nuna cewa ajiyar da ke kai wa wata ranar ita ce wadda ba a bar ta a hannu ɗaya ba.